Ƙaramar hukuma da abincin da muke ci: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, duk majalisar da ka zauna Abuja ake zagi, in an gaji a dawo kan gwamna. Ciyaman kuwa ba mai tuna shi sai azumi ya ƙarato ana neman ɗan buhun shinkafa da suga. Ni ɗan manomi ne, na tashi a garin da kasuwa ke ci sau ɗaya a sati, kuma na daɗe ina faɗa wa mutane cewa kaso mai yawa na wahalar abincin nan a bakin ƙofar sakatariyarmu take kwance. Duk sanda na faɗa sai tambayoyi su taso, kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wai meye haɗin ƙaramar hukuma da abinci? Ba aikin gwamnatin tarayya ba ne?

Haɗin a rubuce yake, ba ra'ayina ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 7 ya tabbatar da ƙananan hukumomi, sannan Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kafa kasuwanni da kula da su, da mayanka, da tashar mota, da bandakunan jama'a, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kwashe shara. Akwai sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen biredi da duk wani wuri da ake sayar wa jama'a abin ci. Har lasisin baro da amalanke da kwalekwale yana ciki. Sannan an ce su sa hannu a bunƙasa noma, da firamare, da kiwon lafiya.

Toh ka sake karanta jerin nan a hankali ka gaya min, daga gona zuwa tukunya wane mataki ne babu a ciki? Hatsi ya fito daga gona a amalanke, ya bi hanyar ƙauye, ya sauka a kasuwa, aka loda shi a tasha, mai tuwo-tuwo ta saya ta dafa ta sayar. Duk inda ya taka ƙasar ƙaramar hukuma ce. Muna da 774 a Najeriya, Kano kaɗai 44, Katsina 34, Jigawa 27, babu wata gwamnati da ta fi su kusa da tukunyar talaka.

Kana nufin ciyaman zai iya sauko da farashin masara?

A'a, kar mu yaudari kanmu. Ciyaman ba shi ke yanke farashin dala ba, ba shi ke sa kuɗin fetur da gas ba, ba shi ya rufe boda a watan Agustan 2019 ba, kuma lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 ba daga ofishinsa abin ya taso ba. Wanda duk ya hau mumbarin kamfe ya ce zai mayar da kwanon masara yadda yake shekara goma baya ƙarya yake muku.

Amma kuɗin da kake biya a kan kwano ba duka ne ke shiga aljihun manomi ba, akwai kuɗin mota, akwai na dako, akwai na rasit kala-kala, akwai kuma asarar abin da ya lalace a hanya wanda dole ɗan kasuwa ya ɗora a kan wanda ya tsira. Nan ne hannun ƙaramar hukuma yake. Bari in ba ka abin da na gani da idona. Akwai wata kwalbati a hanyar fadamarmu da ruwa ya cinye, shekara uku ba a gyara ba, mota ba ta iya ƙetarawa sai dai a sauke kaya a ɗauka a ka ko a babur zuwa ɗaya gefen. Wata rana na tarar da ƙanin mahaifina zaune a bakin wurin da kwandunan tumatir tun hantsi, direban da suka yi alkawari ya ce ba zai kashe motarsa ba, har la'asar rana na dukan kayan, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan kwando ƙudaje sun taru. Na ce Baba ya za a yi yanzu, ya ce ɗana sai dai a yanka a shanya, abin da Allah Ya sa ya rage shi ne rabonmu. Aka shanya shi a ƙasa a bakin hanya ya zama kauɗa mai yashi. Wannan kwalbatin ba ta buƙatar minista, aikin bulo da siminti da rodi ne, kuma irinta akwai ɗaruruwa daga Kura zuwa Ɗanja zuwa Aliero.

Kuɗin rasit da ake karɓa a kasuwa ina suke zuwa?

Tambayar da ya kamata kowa ya dinga yi kenan. Ranar kasuwa tun da sassafe 'yan rebenu sun tare ƙofa, mai buhu ya biya, mai akuya ya biya, mai rumfa ya biya, tsohuwa mai daddawa da kuka a faranti ma ba a ƙyale ta. Doka ta ba su dama, dokar haraji ta 1998 ta lissafa kuɗin shago da na kasuwa da na mayanka da na tasha cikin abin da ƙaramar hukuma za ta karɓa. Ni ban ce kar a karɓa ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ka shiga yawancin kasuwannin ƙauyenmu da damina, caɓi har idon sawu, babu rumfar kirki, babu famfo, bandaki kuwa sai dai bayan katanga, mai hatsi in hadari ya taso sai ya hau neman leda yana rufe buhu yana salati.

Kuma kasuwannin nan fa ba ƙanana ba ne. Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa hatsinta har Nijar da Chadi da Kamaru yake kaiwa, Maigatari da Potiskum da Wudil da Illela shanu da raƙuma da awakin da ke ratsa su a sati Allah kaɗai Ya san adadinsu. A ce ko rabin abin da ake tarawa ranar kasuwa ana mayar da shi cikin kasuwar, a yi daɓe, a yi rumfa, a haƙa rijiyar burtsatse, a yi sito mai ƙofa da makulli, da an ga bambanci cikin shekara guda. Abu mafi sauƙi da za a fara da shi, a kafa allo a ƙofar kasuwa a rubuta kuɗin kowane kaya, buhu kaza, sa kaza, rumfa kaza, kuma kar wanda ya biya ba rasit.

Sai maganar mudu, wadda take ci min tuwo a ƙwarya. Kwanon da ake saye da shi a hannun manomi daban, an bubbuga gindinsa ya zurfafa, wanda ake sayar wa mai cefane kuma an dakan masa gindi ya shige ciki. Manomi a cuce shi, mai saye a cuce shi. Awo da sikeli a dokance na tarayya ne, amma wa ke cikin kasuwar? Sarkin kasuwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ba abin da ya hana su zama da shugabannin 'yan hatsi a tsayar da kwano ɗaya mai hatimi, wanda aka kama da na algus a kore shi daga layi.

Su waye masu tare motocin kaya a hanya suna karɓar kuɗi?

Kala-kala ne, akwai masu kaki, akwai 'yan ƙungiya, akwai kuma waɗanda ke cewa su na ƙaramar hukuma ne da katako mai ƙusoshi da sitika a hannu. Waccan dokar ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa ba wanda ya isa ya kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma ka tambayi duk direban da ke ɗaukar albasa ko shanu zuwa Legas ko Fatakwal ya ba ka labari. Lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya kudu a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, yawan harajin hanya na cikin kukan da suka yi. Duk naira ɗayan da aka karɓa a shinge tana komawa kan mai saye, ko a rage ta daga kuɗin manomi. Ciyaman ba zai iya cire shingen wata jiha ba, amma na yankinsa da yaransa suka kafa, da waya ɗaya zai ɗauke shi.

Ina dubagari suka shiga ne?

Allah Ya jiƙan zamanin da. Kakata takan ba mu labarin lokacin En'e, in aka ce ga dubagari nan mata har rawar jiki suke, ana wanke randa ana share tsakar gida, mahauci kuma bai isa ya rataye nama ba sai malamin dabbobi ya duba. Har yanzu akwai su a takarda, jami'an tsaftar muhalli suna nan a sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma, sai dai sun yi kaɗan, ba babur, ba kayan aiki, wasu kuma an mayar da su masu karɓar na goro.

Ka je kwata da asuba ka gani. Na taɓa raka wani abokina mahauci, a ƙasa ake fiɗa, jini da kashin dabba da ruwan wankin tumbi duk magudana ɗaya suke bi, ruwan ma na 'yan garuwa ne jarka biyu za a wanke sa guda da shi, karnuka na gefe suna jira, daga nan a ɗora naman a bayan babur ba rufi a ratsa ƙura a kai kasuwa. Mahautan ba su ne abin zargi ba, kullum suna biyan kuɗin yanka, da an yi musu daɓe da famfo da ƙugiyoyin rataya da sun fi kowa murna. Kuma in ba mai duba dabba kafin yanka da bayan yanka, saniya mai tarin fuka ma tukunyar wani za ta faɗa.

Ba nama kaɗai ba. Wake da ake zuba wa fiya-fiya ko Sniper don kar ya yi ƙwari, wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, su sun ƙi ci mu kuma muna ci. Ayaba da mangwaro da ake nunarwa da kabayid na masu walda. Biredi mai sinadarin kumburi da NAFDAC ta haramta tuntuni. Garin rogo da hatsi da ake shanyawa a bakin titi ɓeraye na bi ta kai, ga zazzaɓin Lassa. NAFDAC ba ta da ma'aikacin da zai tsaya a kowace kasuwar ƙauye, wanda zai iya wannan shi ne dubagarin da ya san kowane mai gidan biredi da sunansa. Kuma ba sai da kame ba, yawancin masu zuba maganin nan tsoron asara ne ke sa su, in aka nuna musu buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, aka kawo shi kusa a farashi mai sauƙi, da yawa za su daina.

Rikicin manoma da makiyaya fa, ai wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko?

In ya riga ya zama na bindiga ya fi ƙarfinta. Amma kafin ya kai can, a hannunta yake farawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Wato takardar da ake yanka daji da ita a ba wani mai kuɗi, sau da yawa daga sakatariya take fitowa tare da sa hannun masu gari. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, akwai burtali akwai mashaya, kowa ya san iyakarsu. A hankali aka dinga cinye su, wannan ya ƙara kunya biyu, wancan ya ƙara uku, wani babba ya zo ya kewaye mashayar gaba ɗaya, ranar da Bafulatani ya taso da garkensa ya tarar babu hanya sai ta cikin gero, kaga an shiga uku.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da wani tsari da ya burge ni, ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 suka kafa kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye zuwa kwamin, wato ƙaramar hukumarsu, zuwa sama, manomi da makiyayi da mai gari duk suna ciki, ana kafa alamomi a gefen burtali, kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan an gama kwashe amfani. Ban ce rikici ya ƙare a can ba, amma akwai wurin zama kafin a zare sanda. Jigawa ma tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya. Irin wannan zaman kafin kaka, da sarkin noma da arɗo da dagaci da DPO, kuɗin shayi da man babur kawai yake ci.

Ai ba su da kuɗi, gwamnoni sun riƙe komai. Me za su yi?

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar cutar. A rabon asusun tarayya ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, wanda sashe na 162 ya tanada, daga nan kuma sai abin da gwamna ya ga dama, a biya albashin malaman firamare da ma'aikata, a miƙa wa ciyaman ɗan abin gudanarwa, shikenan. A baya wasu jihohin ma sun yi shekara da shekaru ba zaɓe sai kantoma.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan gwamnoni 36, ta ce a dinga tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Mun yi murna sosai, sai dai aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, kuma ko kuɗin ya sauka kai tsaye, ciyaman ɗin da gwamna ya ɗauko ya ɗora ta hannun hukumar zaɓen jiha, in aka ce ya dawo da kuɗin ta bayan gida zai iya cewa a'a?

Duk da haka ni ban yarda rashin kuɗi ya zama mafaka ba. Kuɗin kasuwa da na tasha da na kwata ba sa bi ta Abuja, a nan ake karɓarsu da hannu. Tsayar da mudu, cire shinge, hana sayar da burtali, tura dubagari kwata, wanne ne a ciki ke buƙatar biliyan? Kuma in mun yi shiru yanzu, ranar da kuɗin zai zo gaba ɗaya motoci za a saya da shi.

Rabon taki ba shi ne taimakon noma ba?

Taki na da muhimmanci, ba mai musu. Matsalar yadda ake yi ne. Tirela ta iso a watan Agusta bayan masara ta yi bunni, a raba ta mazaɓa-mazaɓa ta hannun 'yan jam'iyya, mutum biyar buhu ɗaya, wanda ko kunya ɗaya bai da ita a gona ya samu uku ya kai kasuwa washegari. Tsarin da ministan noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya kawo a 2012 na tura wa manomi saƙo ta waya an yi shi ne don a tsallake irin wannan, shi ma da nasa matsalolin. Abin da ƙaramar hukuma za ta iya wanda ba wanda zai iya mata shi ne rajistar manoman gaskiya, ƙauye-ƙauye, wa ke noma me, a ina, kadada nawa, har da mata masu noman gyaɗa da riɗi da kiwon awaki a cikin gida waɗanda kullum ake mantawa da su.

Sannan malamin gona. Tun da aka fara shirin bunƙasa noma da Bankin Duniya a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, har aka samu hukumomin bunƙasa noma na jihohi irin su KNARDA ta Kano da JARDA ta Jigawa, manomi ya saba ganin malami a gonarsa. Yanzu da yawa sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, mai shagon maganin feshi shi ya zama malami, shi kuma abin da ke kan kantarsa zai ba ka. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, mutane sun yi ta zuba magani iri-iri a banza saboda ba wanda ya gaya musu mece ce. Kowace ƙaramar hukuma na da sashen gona da shugabansa, a ba su babur da mai su fita daga ofis.

Masu ɓoye abinci fa? Me ya sa ba za a fasa sito a raba ba?

A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu manyan rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, jama'a suka yi ta sa albarka, 'yan kasuwa kuma suka ce ajiya sana'arsu ce tun kaka da kakanni. Ni a ganina kowa na da tasa gaskiyar. Akwai azzalumai masu jiran yunwa, amma in ba wanda ya ajiye da kaka me za a ci da bazara?

Ainihin ciwon shi ne manomi da kaka dole ta sa shi sayarwa da arha, ga bashin taki, ga auren 'ya, ga kuɗin makaranta, sannan watan Yuli ya dawo ya sayi hatsin nan nasa da ninki. Maganin wannan rumbun tsimi ne na gari. A Nijar sun daɗe da bankunan cimaka a ƙauyuka, akwai kuma tsarin da manoma ke ajiye amfaninsu a sito a ba su rance a kai, in farashi ya tashi su sayar su biya, ga OPVN, hukumar adana abinci ta ƙasar, da ke fito da hatsi a sayar da rahusa lokacin da abinci ya yi wuya. Wasu bankunan sun mutu saboda an ci amana, wannan ma darasi ne, makulli kar ya zama a hannun mutum ɗaya. Ƙaramar hukuma ta gina sito ta ba ƙungiyar manoma da mata, a sa liman da mai gari cikin masu sa ido, ita kuma ta tsaya a matsayin mai duba littafi.

Akwai inda wata ƙaramar gwamnati ta taɓa yin irin wannan ya yi aiki?

Akwai. Wanda aka fi ambata shi ne birnin Belo Horizonte a Brazil, mai mutane sama da miliyan biyu. A 1993 magajin garin, Patrus Ananias, ya kafa sashe guda na musamman kan wadatar abinci. Suka buɗe gidajen abinci na gwamnati masu arha da kowa zai iya shiga, suka ba 'yan kasuwa rumfuna a wurare masu kyau da sharaɗin su sayar da wasu kayan miya da 'ya'yan itace a farashin da aka yi yarjejeniya, suka ba ƙananan manoma wuri a cikin birni su sayar kai tsaye ba dillali. Duk abin bai kai kashi 2 cikin ɗari na kasafin birnin ba. Daga baya a 2009 ƙasar ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a sayi abinci da shi daga ƙananan manoma. A 2015 kuma birane sama da ɗari suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Milan ta Italiya kan manufar abinci a birane.

Magajin gari a Brazil na da iko da kuɗin da ciyaman ɗinmu bai da su, wannan a fili yake. Amma dabarar rumfa da sharaɗi, wallahi ko gobe za a iya ta a nan, tunda rumfunan kasuwa na ƙaramar hukuma ne.

Ciyar da 'yan firamare da aka yi a baya, me ya sa bai canza komai ba?

Ya canza wani abu, yara sun cika aji lokacin da ake rabawa, duk malamin firamare zai shaida. Shirin tarayya ya fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, aka dakatar da shi a farkon 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Inda aka yi sake shi ne sayen kayan, an ce daga manoman gida za a saya amma ba wanda ya haɗa mai dafawa da manomin garin. Firamare na cikin aikin ƙaramar hukuma, ita ta san makarantar ta san manomin, in shirin ya dawo ita ya kamata ta ce waken nan da man gyaɗan nan da ƙwan nan daga ƙungiyoyin garin za a saya.

Yaran da ke fama da tamowa, asibiti ne ko abinci?

Duka biyun. Duk damina cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Katsina da Sakkwato da Zamfara da Borno cika suke, kuma abin takaici wasu yaran daga gidajen manoma suke fitowa. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa shi ne wurin da za a fara auna hannun yaro a gane da wuri, a koya wa uwa haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, da zogale a miya. Ruwan sha mai tsafta ma na ciki, yaron da ke gudawa kullum ko me ya ci ba zai zauna a jikinsa ba, kaga mun sake dawowa kan famfo da magudana da shara.

Inda 'yan bindiga suka hana noma fa?

Nan kam ba zan ɗora wa ciyaman abin da ba zai iya ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja manomi sai ya biya kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, ciyaman ba shi da soja ba shi da ɗan sanda. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi gaskiyar ƙauyuka nawa suka tashi kar ya rufe don gudun ɓacin ran na sama, ya san inda 'yan gudun hijira suke, ya nema musu aron gona kusa da gari da ɗan iri, kuma in tallafi ya zo ya kai hannunsu.

Toh rabon shinkafa da azumi laifi ne?

Ba laifi ba ne, mai jin yunwa yau ba zai jira gyaran kwalbati ba, kuma na ga gwauruwar da kwano biyu na gero ya sa ta kuka don murna. Abin da nake ƙi shi ne ya zama shi kenan aikin, a ɗau hoto a sa a Facebook, wata goma sha ɗaya kuma ba a sake jin ɗuriyar kowa ba.

Ni talaka me zan iya yi?

Fara da kansilanka, ɗan unguwarku ne, kun san gidansu, kuna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza. Kar ka je kai kaɗai kuma kar ka je roƙo, ku je a ƙungiyance, 'yan hatsi, mahauta, masu kayan gwari, matan da ke sana'ar abinci, ku ɗauki abu ɗaya tak, misali famfo a kwata ko allon kuɗin rasit a ƙofar kasuwa, ku rubuta takarda ku ajiye kwafi da kwanan wata. Ku tambayi nawa aka tara a kasuwa watan jiya. Abin da aka tura wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, wani yaro mai waya zai iya nemo muku na taku ku tafi da shi a hannu. In an yi shiru ku kai gidan rediyo, shirye-shiryen ƙorafi na safe ana jin su a sakatariya fiye da yadda kuke zato. In wata biyu ya wuce ba labari ku koma da kwafin takardar farko, ku ƙara da mai gari da limamin Juma'a cikin tawagar.